Kundin Zanen da Ba Nawa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Malami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ko da yake na san lafiyarka ƙalau, tun da ɗazu ina jin ka ta bango kana kokawa da akwatinka. Allah ya tsare ka a tafiyar nan ta ranar Asabar, ya kai ka Turkiyya lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aiki, ya kare ka daga abin da kake gani da wanda ba ka gani.

Za ka yi mamaki, ɗakina da naka bango ɗaya ne, amma ga mahaifiyarka ta miƙo maka wasiƙa. Sau uku ina kiran ka zaure a makon nan. Na farko na ɓige da tambayar ka yawan kayan da jirgi ke yarda a ɗauka, kamar ni ne zan shiga. Na biyu na yi maka wa'azin sallah a kan lokaci, wanda ba ka buƙata. Na uku na ce ka je abinka, na manta abin da zan faɗa. Ban manta ba, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon nawa na yaƙi da jahilci ne, idan ka ga harafi ya kwanta ka tashe shi da kanka.

Ka tuna ranar da ka kawo kwamfutarka zaure bayan azahar, ka nuna mini aikin da ya sa kamfanin nan na masu yadi suka ɗauke ka. Ka ce ka ɗauki hoton kowane shafi na tsohon kundin zanen riga da ke ƙasan adakata, ka zuba wa sabuwar manhajar nan taka, ita kuma ta koyi hannun. Har ta kai idan ka ce mata ta zana aska takwas, adon nan na gaban babbar riga, sai ta fito da sabo fil, wanda babu shi a kundin, amma duk wanda ya san hannun zai rantse mai kundin ne ya zana. Na gani da idona. A shafin farko ka rubuta wani abu da Turanci, ka fassara mini: zanen mahaifina, Malam Sani na Kusfa, Zariya. Ka ce ranar da za ka kama aiki sun nemi ka tsaya gaban ma'aikata ka ba su labarina.

Daga nan ka ce: "Baba, wani abu ya ba ni dariya. Manhajar ta ware shafuka bakwai na ƙarshe gefe guda, wai ba hannu ɗaya ba ne da sauran. Da na duba sai na ga gaskiyarta, da'irar tambarin adon rigar ma a karkace take. Wane ɗan koyo ne ya ɓata maka kundi haka? Na cire su."

Na ce maka: "Wani ne da ya taɓa zama a wurina, bai yi nisa ba." Ka yi dariya, na taya ka.

Malami, shafuka bakwai ɗin nan su ne nawa. Su kaɗai. Sauran duka hannun Malam Haruna Mai Zane ne na Ƙofar Jatau, mutumin da ya koya mini sana'a, wanda kake ɗauke da sunansa. Kundinsa ne, kuma ba ba ni ya yi ba. Ina rubuta wannan kunya na neman kashe ni, amma gara ka ji daga gare ni kafin ka je ka tsaya gaban baƙi ka faɗi ƙaryata da bakinka mai gaskiya.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. A sana'armu, tela ya yanka riga ya haɗa, sai a kawo wa mai zane ya fitar da layi a kan yadin da alƙalamin kara da tawada, sannan masu ɗinki su bi layin da allura da zare, wata da watanni. Kowane mai zane yana da kundinsa, inda yake ajiye duk abin da ya ƙirƙira tun yana saurayi. Al'adar ita ce, idan ɗan koyo zai tashi ya kama gabansa, malaminsa zai ara masa kundin kwana uku, ya kwafi zane biyu ko uku da ransa ke so, ya mayar, a shafa masa fatiha. Kundin kansa ba ya wuce kwana ukun nan a wajen gidan. Shekara tara na yi a zauren Malam Haruna. Da na samu labarin ana neman mai zane a zangon Hausawa na Kumasi, na gaya masa, ya yi murna, ya shiga ciki ya ɗauko kundin ya ɗora a hannuna. Ya ce: "Ga shi, Sani. Ran Juma'a ka dawo da shi, mu yi addu'a."

Motar fataken goro da zan bi ta tashi ran Alhamis. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa gaggawa ce ta sa na manta shi a cikin kaya. Ƙarya ce. Da hannuna na naɗe shi a tsohuwar riga, na cusa a ƙasan jaka. Kuma ina da hujja, mai kyau a kunnena lokacin: Malam ya tsufa, zanen duk yana kansa, ba shi da ɗa namiji, sai 'yarsa Rabi, mace kuwa me za ta yi da kundi? Na ce ai raya aikinsa zan yi a wata ƙasa. Ɗana, ka ji tsoron hujja mai daɗi. Duk ranar da ka ji zuciyarka tana jero maka dalilai masu kyau na ɗaukar abin da ba a ba ka ba, ka tsaya a nan, kada ka ƙara taku. Ni sai da na naɗe, na ɗaure, na ɗauka a kafaɗa, duk da haka ban fasa ba. Ku kuwa a aikinku yatsa ɗaya ya isa, kafin zuciya ta yi magana an gama ɗauka.

A Kumasi na yi suna cikin wata shida. Malam Sani Bazazzagi. Rufe ƙofa nake yi in buɗe kundin, in kwafa a kan riga, in fito ina goge tawada a yatsa kamar wanda ya sha wahalar tunani. Ana yaba mini ina sunkuyar da kai, mutane na cewa ga gwani ga tawali'u. Ban taɓa zama na zana abin kaina ba, don me zan wahala? Sai a shekara ta uku wani attajiri, Alhaji Mamman, ya kawo farar shadda. Ya ce ya ga hannuna a jikin kowa a zango, shi yana son abin da babu wanda ya taɓa sawa. Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Na zauna da alƙalami, kwana huɗu, kai babu kome a ciki. Abin da na gwada a ƙarshen kundin a lokacin su ne shafuka bakwai ɗin da ka cire. Na zaɓi mai dama-dama na sa masa a riga. Da ya zo ya ɗaga ta, ya juya gaba ya juya baya, sai ya ce: "Malam Sani, ba ka da lafiya ne?" Na ce zazzaɓi nake fama da shi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya naɗe shaddarsa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Shekara tara a gaban gwani, amma na bar hannuna ya mutu cikin shekara uku, saboda na samu abin da ke yi mini aikin. Don haka manhajar nan taka ba baƙuwa ba ce a wurina, na riga ka yin irinta. Ba na ce ka bar ta ba, kayan aiki ne, kuma na ga ka iya ta. Gobe ma za a fito da wadda ta fi ta, ita ma ka koya, kada ka yi girman kai. Amma ka sayi littafi da fensir, kowace rana ka zana abu ɗaya da hannunka, ko da mummuna ne, ko da ba wanda zai gani. Akwai ranar da wani zai tsaya a kanka ya ce yana son naka, ba na na'ura ba, ba na magabata ba. Kada ranar ta same ka kana ƙirƙiro wa kanka zazzaɓi.

Wani abin kuma da na yi a can, na guji mutanenmu. Akwai Zazzagawa a zangon, suna da wurin da suke taruwa bayan Juma'a su ci tuwo su yi zancen gida. Ni kuwa idan na hango su sai in sauya hanya, don tsoron kada wani da ya san hannun Malam ya gane. Suka ce ina da girman kai, na yarda su faɗi hakan, ya fi mini sauƙi. Gida ma na rage aika saƙo, don duk mai zuwa Zariya zai iya dawowa da tambayar kundi. Da ciwo na gaske ya kwantar da ni a shekara ta huɗu, waɗanda nake guje wa ɗin nan su suka ɗauke ni, suka yi jinyata kusan wata guda, wani dattijo daga Kusfa ma shi yake dama mini koko da kansa. Babu wanda ya tambaye ni kome. Idan ka isa can ka nemi 'yan gida, ka gaishe su, ka ci abincinsu, ko da ka fi su karatu. Kuma ka kira mahaifiyarka ko ba ka da labari. Idan ka ga ka fara gudun mutanen da suka san asalinka, ka binciki kanka, akwai abin da kake ɓoyewa.

Da na warke na dawo gida. Na je gaida Malam, na same shi yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ji murya. Kundin yana adakata a Kusfa. Abin da ya rage mini kawai in ce na yi kuskure, in je in ɗauko. Sai na ji bakina yana cewa ruwa ya doke mu a hanyar tafiya, kayana suka jiƙe, kundin ya narke, kunya ce ta hana ni aikowa in faɗa. Ya shafa tabarma. Can ya ce: "Kai dai ka dawo lafiya? Alhamdulillahi. Takarda ce, Sani." Ya ɗaga murya ya ce Rabi ta kawo mini fura. Na sha.

Daga baya na ji abin da rashin kundin ya yi. Ashe Rabi tun tana ƙarama take leƙen mahaifinta, hannunta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Da idon Malam ya tafi, teloli ba su daina kawo riguna ba nan da nan. Da kundin yana nan, da ta buɗe ta bi, aikin gidan ya ci gaba a hannunta. Ta gwada daga abin da ta iya tunawa, teloli suka ce da ɗan bambanci, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ta koma bin layin wasu da allura, shekara da shekaru, har bayanta ya ranƙwafa. Wannan ce macen da na ce me za ta yi da kundi.

Da aka haife ka na je na ce wa Malam zan yi masa takwara. Ranar suna aka riƙo hannunsa har ƙofar gidan nan, aka ɗora masa kai a cinya, ya shafa kanka yana hawaye yana sa mini albarka. Ni kuwa a raina na ce to, na biya. Bayan shekara biyu ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Mutane na cewa ladabi ne ya sa ban taɓa kiran sunanka ba, sai Malami. Akwai ladabin, amma gaskiya sunan nauyi yake yi mini a baki. Ka ji wannan da kyau: idan ka cuci mutum, ka je ka faɗa masa abin da ka yi yana da rai. Kada ka yi masa wani alherin daban ka ce ya shafe. Alherin yana wurinsa, cutar ma tana wurinta, ni na gwada shekara ashirin da takwas.

Kai ma ina da haƙƙinka a wuya. Lokacin da kake zuwa shagon kwamfuta a Kongo kana koyon zane, ka tuna abin da nake cewa a majalisa, kana jina? Wai ɗana ya bar sana'ar maza ya koma kallon gilashi. Da manhajojin nan masu zane da kansu suka fito kuwa, na fi kowa ɗaga murya. Na ce ɓarayi ne, suna haɗiye aikin mutane su amayar ba tare da ambaton sunan kowa ba. Wataƙila akwai gaskiya a maganar, amma ba daga bakina ya kamata ta fito ba. Kai da ka yi amfani da kundin, abu na farko da ka yi shi ne rubuta sunan mai shi a shafin farko. Sunan da aka gaya maka ne ba daidai ba. Ka yafe mini waɗannan maganganu, haushin kaina nake saukewa a kanka.

Jiya na ce ya isa. Na ɗauko kundin na sa a ƙarƙashin rigata, na taka har Ƙofar Jatau bayan la'asar. Hajiya Rabi ta fito zauren ciki tana dogara bango, ta ce: "Yaya Sani! Yau wace rana?" Ta kira jikokinta: "Ku zo ku gaida kakanku. Duk cikin waɗanda Malam ya koya wa sana'a, shi kaɗai ya riƙe mu, har takwara ya yi masa." Suka durƙusa suna gaishe ni, kundin yana manne da cikina, gumi ya jiƙa bangonsa. Ta sa aka ƙullo kuka da daddawa da yaji, ta ce: "A kai wa Babana, an ce can ba su san miya ba." Ka san haka take kiran ka. Sai ta ce: "Wai da kwamfuta yake zane? Ikon Allah. Da kundin Malam bai lalace ba, ai da shi na ba, shi ya dace da shi."

Na ce: "Allah sarki." Daga nan na kama zancen ruwan bana da tsadar shadda. Na tashi da ƙullin kayan miya a hannu, kundin kuma yana inda yake, na dawo gida.

A hanya zuciyata ta fara sana'arta, tana cewa ai ka ji da kunnenka, ta ba shi, magana ta ƙare. Kada kai ma ka ɗauki wannan a matsayin izini. Ba ta san abin da take bayarwa ba, kuma ba ta san wa take yabo ba.

Ga abin da nake roƙon ka, ba umarni nake yi ba, don ban ga fuskar da zan yi maka umarni a wannan magana ba. Ka goge sunana daga shafin farko, ka rubuta Malam Haruna Mai Zane na Ƙofar Jatau. Ka rubuta wa mutanen kamfanin kafin ka hau jirgi, ka gaya musu kundin ba na mahaifinka ba ne, yana da magajiya tana raye. Kundin zai koma hannun Hajiya Rabi. Ka nuna mata abin da manhajarka ta koya daga hannun mahaifinta, ka yi mata bayani da Hausa har ta gane, sannan ka nemi izininta. Idan ta yarda, ka tambaye ta sharaɗinta ka cika. Idan ta ce a'a, ka goge, duk da na san wata nawa ka yi a kan aikin nan, kuma na san shi ne ya samo maka wurin. Mai yiwuwa kamfanin su ce ba haka aka yi da su ba, su fasa. Na yi ta juya wannan a raina, shi ne ya rufe mini baki duk makon nan: ni na yi laifi, kai za ka iya rasa aiki. Ba ni da abin da zan ce a kan haka sai dai ka yafe mini. Idan sun fasa, ɗakinka yana nan, hannunka kuma naka ne, na ga zanen da kake yi tun kafin ka san akwai wani kundi a gidan nan.

Mahaifiyarka ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba. Ni zan gaya mata, kada ka riga ni.

Gobe Alhamis, bayan la'asar, zan koma Ƙofar Jatau. Ni kaɗai na gwada na kasa, don haka ina so ka raka ni. Ba sai ka amsa wasiƙar nan ba, ba sai ka dube ni ba ma idan ba za ka iya ba. Idan ka yarda, in fito in same ka tsaye a ƙofar gida, shi ke nan. Ni zan yi magana, a gabanka, a gaban jikokinta idan suna nan. Aikinka ɗaya ne. Idan ka ji na gama gaisuwa na fara kewaye-kewaye, ka taɓa gwiwata ka ce: "Baba, faɗa mata."

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu. Kai kuma Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, a ƙasa da sama, a tafiya da zama. Ya sa abin da za ka ci a can ya zama halal, ya sa sunan da za a san ka da shi ya zama naka na gaskiya, ya dawo mana da kai lafiya ka same mu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sani